Agogon da Ke Nuna Maka Inda Ɗanka Yake, Wa Kuma Yake Nunawa?

Wata magana ta zauna daram a zukatan iyaye da yawa: wai da ka ɗaura wa yaro agogon zamani mai GPS, ka saya masa tsaro. Kana wurin aiki ka buɗe wayarka, ka ga ɗigo a kan taswira, hankalinka ya kwanta. Masu talla sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Duk wanda ya ji yadda aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya zaro kuɗi. Ban ga laifin uban da fargaba ta kai shi shago ba. Abin da nake ja da shi shi ne ɗaukar da aka yi cewa da an biya kuɗi an ɗaura magana ta ƙare, kuma jinkirin sabunta manhajar cikin agogon ƙaramin abu ne da masana kwamfuta kaɗai ke kuka a kai. Jinkirin nan shi ne gundarin matsalar.

Agogon ba ya magana da wayarka kai tsaye. Yana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam ya lissafa inda yake, sannan ya tura bayanin ta layin SIM zuwa wata babbar kwamfutar kamfani, galibi a wata ƙasa, daga can manhajar wayarka ke ɗaukowa. Duk wanda ya sami hanyar shiga wannan kwamfuta, ko ya tare saƙon a hanya, yana ganin abin da kake gani. Kuma kowace manhaja tana da kafa. Bambancin kaya mai kyau da marar kyau shi ne ko ana toshe kafar da zarar an gano ta, da kuma kwana nawa toshewar ke ɗauka.

A watan Oktoban 2017 hukumar kare masu sayen kaya ta Norway, tare da kamfanin tsaron intanet na Mnemonic, ta gwada agogunan yara huɗu: Gator 2, Tinitell, Viksfjord da Xplora. A wasunsu an nuna cewa baƙo zai iya ƙwace iko da agogon, ya bi sawun yaro, ya saurari abin da ake faɗa kusa da shi, har ma ya sa taswirar iyaye ta nuna yaron a wani wurin da ba ya nan. A tsaya a kan wannan na ƙarshen. Uwa tana kallon ɗigo a harabar makaranta, alhali ɗan yana wani wuri daban. Na'urar da aka saya don ta tona ɓatan yaro ta zama mai rufa wa ɓarawo asiri. Wata guda bayan gwajin Norway, hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta sayar da agogunan yara masu iya sauraren magana a ɓoye, ta ce iyayen da suka riga suka saya su lalata su.

Da hayaniyar jaridu na gyara kaya, da an wuce wurin tun a lokacin. Amma a farkon 2019, sama da shekara guda bayan rahoton Norway, masu bincike na Pen Test Partners a Birtaniya suka koma kan Gator, suka tarar da wata kafar: canza lamba ɗaya kacal a saƙon da ake aika wa kwamfutar kamfanin ya isa ya mayar da mai asusu na yau da kullum shugaban tsarin gaba ɗaya, mai ganin asusun dubban iyalai. A watan Fabrairun shekarar Tarayyar Turai ta ba da umarnin janye agogon Safe-KID-One na kamfanin Enox daga kasuwa, saboda bayanansa na tafiya a buɗe ba tare da kariya ba. A watan Satumba kuma kamfanin Avast ya bayyana cewa kimanin na'urorin bin sawu 600,000 na wani kamfanin Shenzhen mai suna i365 Tech suna aiki da kalmar sirri iri ɗaya da aka fito da su da ita daga masana'anta: 123456. Avast ya sanar da kamfanin tun kafin ya fito fili, bai sami amsa ba.

Rashin amsar nan ba sakaci ba ne na mutum ɗaya, haka kasuwar take. Masana'anta ɗaya ke ƙera agogon, dillalai da dama su saya kowa ya buga sunansa a kwali. Wanda sunansa ke jikin agogon ba shi ya rubuta manhajar ba, ba ya ma da ikon taɓa ta. Wanda ya rubuta ta kuwa ya karɓi kuɗinsa tun ranar da aka loda kaya, gyara daga baya asara ce a wurinsa. Idan ƙorafi ya taso, sai ya bi ta hannun mai shago, zuwa mai shigo da kaya, zuwa mai suna, zuwa masana'anta, kowa na miƙa wa na gaba. A duk tsawon watannin nan agogon na hannun yaro, yana aika inda yake dare da rana. Ka kwatanta da abin da ya faru a 2020, lokacin da Mnemonic ya gano wata ɓoyayyar hanya a agogon Xplora 4 wadda za a iya sa shi ya ɗauki hoto ta hanyar saƙon tes. Aibi ne babba, amma kamfanin Xplora ya fitar da gyara ya tura wa agogunan, domin akwai wanda ke da alhaki kuma akwai hanyar turawa.

Za a ce min, wane mai kutse ne zai bar bankuna ya nemi ɗan talaka? Ai ba ɗanka ake nema shi kaɗai ba. Kafa ɗaya ce ke buɗe asusun kowa a lokaci guda. Sannan a duba abin da agogon ke tarawa: ƙarfe nawa yaro ke fita, wace hanya yake bi, wace Islamiyya yake zuwa da yamma, lambar wayar uwa da ta uba. Wannan shi ne ainihin abin da 'yan bindiga ke biyan infoma don su sani. A ɗaya gefen kuma, ranar da ake buƙatar agogon ta gaske ita ce ranar da ya fi rauni. Cire shi daga hannu ba ya ɗaukar minti guda, kuma inda babu sabis ba ya iya aika komai. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, duk wata na'ura irin wannan da ke jihar ta zama kurma.

Wasu ƙasashe sun daina barin abin ga ganin damar kamfanoni. Tun daga 29 ga Afrilun 2024, doka a Birtaniya ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari, ta kuma wajabta wa mai ƙerawa ya faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko da gyaran tsaro. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a ƙarshen 2024, wadda za ta fara aiki sosai a Disamban 2027, inda a mafi yawan kaya aka sa shekara biyar a matsayin mafi ƙarancin wa'adi. Kayan da waɗannan kasuwanni suka ƙi ba za a zubar da su a teku ba, inda ba a tambaya za a kai su. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma hukumar sadarwa ta NCC ce ke tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su. Ya kamata tantancewar ta haɗa da tambaya ɗaya a rubuce: har zuwa wace shekara za a riƙa sabunta wannan agogo, kuma wa za a kama idan ba a yi ba?

Kafin hukuma ta motsa, iyaye su yi wa mai shago wannan tambayar da bakinsu. Idan ya ce ai agogon ba ya buƙatar sabuntawa, a ajiye masa kayansa. Wanda kuma ya riga ya saya, ya canza kalmar sirrin yau ɗin nan, ya shiga saitin agogon ya duba ranar da aka yi masa sabuntawa ta ƙarshe. In bai taɓa samun ko ɗaya ba tun da aka saye shi, a zare layin SIM ɗin.