Asibiti Tukuna, Sannan Ka San Haƙƙinka

'Yan'uwa maza da mata, babu wanda bai taɓa ganin wannan ba. Mota ta bugi mai babur, jama'a sun taru. Mutumin ya miƙe, ya karkaɗe ƙurar rigarsa, ya ce, "Ba komai, da sauƙi." Wani dattijo ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Direba ya miƙa 'yan kuɗin magani. Aka ce an yafe, kowa ya kama gabansa.

Bayan kwana biyu sai ka ji an kwashe mai babur ɗin ranga-ranga. Direba ya ɓace, ko lambar motarsa babu wanda ya riƙe.

Kalmomi biyun nan, "ba komai" da "na yafe", sun cinye mana rayuka da dukiya. Mu daina gaggawar furta su a bakin titi.

Ka je asibiti, ɗan'uwa. Ka je yau, kada ka bari sai gobe. A lokacin haɗari jiki na ɓoye zafi, firgici na danne ciwo. Saifa na iya fashewa, jini na zuba a cikin ciki, a waje kuwa ko ƙwarzane babu. Wanda ya bugu a ka na iya tashi ya yi hira, ya ci abinci, alhali jini na taruwa a ƙoƙon kansa. In ka ga amai, ko jiri, ko barci mai nauyi, ko magana ta fara rikicewa, kada a jira gari ya waye. A tafi!

Ku da kuka taru a wurin, ku ajiye ɗaukar bidiyo, ku kira 122, layin gaggawa na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112. Ku danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta. Kada ku ɗaga wanda ke kukan wuya ko baya kamar buhun hatsi. Kada ku ɗura masa ruwa.

In karaya ce, a fara ɗaukar hoton ƙashi. Ɗaurin da ya matse yakan tare jini, naman ya mutu, ƙafar da za a iya cetowa ta ƙare a yankewa. Asibitin Ƙashi na Dala da ire-irensa domin mu aka gina su.

Kada tsoron a kore ku ya tsayar da ku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ku riƙe wannan, ku gaya wa na kusa da ku.

In rai ya tsira, sai a juya ga haƙƙi. Ka rubuta lambar mota. Ka ɗauki hoton wurin da na raunin. Ka karɓi lambar wayar shaidu. Ka kai rahoto ga 'yan sanda. Ka adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da kowane rasiti, ko na allura ɗaya ne. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba.

Ka sani, doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke kan titi inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Wannan kuɗin dominka aka tanade shi. In a wurin aiki ka ji rauni, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 tana nan. In ba ka da kuɗin lauya, ka nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a jiharku, hukumar da aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi. Ka je da wuri, domin shigar da ƙara na da wa'adi, in ya wuce ƙofa ta rufe. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Yafiya alheri ce, mun sani. Amma ka yafe bayan ka san girman raunin, bayan ka san wa zai ciyar da yara watannin da za ka yi a kwance. Addininmu da ya koya mana yarda da ƙaddara, shi ya umarce mu da neman magani, shi ya shar'anta diyya. Neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne.

Malamai, ku faɗa a huɗuba. Shugabannin tasha, ku faɗa wa direbobi da 'yan A Daidaita Sahu. Iyaye mata, in yaro ya shigo yana ɗingishi ya ce faɗuwa ce kawai, kada ku tsaya ga man zafi da ruwan ɗumi, ku sa shi gaba zuwa asibiti.

Ka ɗauko wayarka yanzu, ka adana 122. Ran da ka ga ɗan'uwanka ya miƙe daga kwalta yana cewa ba komai, ka riƙe hannunsa, ka ce masa, "Mu je likita ya faɗa mana."