Filin 'Yan Mata: Ki Dasa Lallenki da Hannunki

Yau dai ku yi haƙuri, ba zancen samari za mu yi ba, zancen itace ne. Amma fa itacen da babu amaryar da ake kaiwa ɗakinta a ƙasar Hausa ba ta sha shi ba, wato lalle.

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Katsina zuwa Daura ta ratsa ta nan Mashi, ta san irin ƙasarmu: jigawa ce, damina gajera, rani kuwa kamar ba zai ƙare ba. Manomanmu aguwa suke kafawa a iyakar gona da gefen burtali domin tare dabbobi. To aguwa ta gona ce. A cikin gida kuwa, kakanninmu mata lalle suke dasawa a bayan ɗaki ko jikin danga, ya tashi ya yi duhu, in ya tsufa rassansa su yi tsini kamar ƙaya, ya zama shinge mai rai. Darnin kara duk shekara sai gara ta ci an sake, shi kuwa lalle yana nan.

Su ma Turawa suna da irin nasu. A Ingila akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke kira barbari, wani jinsinsa ba ya zubar da ganye ko da sanyin ƙanƙara, suna jera shi a bakin lambu ya zama katanga. Na ƙasar sanyi ne, ba ruwansa da zafinmu. Kuma ni a ganina namu ya fi, domin ban taɓa jin an yi wa amarya ƙunshi da barbari ba.

Lalle ɗan rana ne, zafi ba ya damunsa, ƙasa mai rairayi ma ba ya ƙi. In aka bar shi yakan wuce tsawon mutum nesa ba kusa ba. Furensa ƙanana ne farare, ga ƙamshi, musamman da almuru in iska ta kaɗa. In fari ya tsananta yakan kaɗe ganye, amma wanda yake samun ɗan ruwan alwala kullum, kore shar za ki gan shi har cikin bazara. A Indiya, garin Sojat na jihar Rajastan, wanda shi ma busasshen wuri ne kamar namu, gonaki guda ake nomawa na lalle ana kaiwa ƙasashen duniya. Mu kuwa mun bar na bayan ɗaki ya mutu, mun koma sayen na leda.

Nan ne maganar take. Lallen gaskiya ba ya yin baƙi wuluk. Sinadarin da ke cikin ganyensa yana kama fata ne a hankali, sai ya ɗauki awoyi, shi ya sa iyayenmu suke kwana da ƙunshi, hannu cikin zunguru. Da safe ki ga ja-ja, bayan kwana biyu ya nuna ya yi jawur har da duhu-duhu. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ake zana miki cikin minti talatin ya fito kamar tawada, sau da yawa maganin rina gashi ne aka zuba a ciki, mai wani sinadari da ake kira PPD. An yi shi ne don gashi, ba don a shimfiɗa a fata ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta yarda a sa shi a fata ba. Wata za ta yi ta sha lafiya. Wata kuwa sai bayan 'yan kwanaki, wani lokaci har mako biyu, wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai yadda aka zana furen. Kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi ke nan har abada, ko rinin gashi ta yi daga baya sai ya tashi.

Na ga wata amarya, ba zan faɗi unguwa ba, satinta ɗaya a ɗaki tana ɓoye hannu cikin mayafi, ko tuwo ba ta iya tuƙawa, dangin miji na ta ƙus-ƙus wai sammu ne. Ba sammu ba ne wallahi, dayis ne. Tabon ya fi wata shida bai ɓace ba. Wadda abin ya sama ta tafi asibiti, kada ta tsaya shafa man shanu.

To yaya ake dasawa? Ki bari damina ta zauna. Ki roƙi maƙwabciya mai tsohon lalle ta yanko miki rassa masu ƙwari, tsawon taƙi guda ko fiye kaɗan. Ki tsige ganyen ƙasan, ki soke rabinsu cikin ƙasa mai laima a inda rana take bugawa sosai, ki bar kamar kamu ɗaya tsakani in shinge kike so. Da iri ma ana yi, sai dai ɓawonsa da tauri, sai an jiƙa shi kwanaki kafin a shuka. Abokan gabarki awaki ne: ki kewaye shi da ƙaya har ya yi ƙarfi. Ranin farko ki riƙa ba shi ruwa. In ya kai ƙugu ki datse kansa, kada ki ji tausayi, datsewar ce take sa ya yi rassa ya cika.

Ganyen da kika datse kuwa shi ne ribar. Ki shanya a inuwa, ba a rana ba, ki daka, ki tankaɗe da rariya mai laushi. Ranar ƙunshi ki kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami, ki rufe ya jiƙa kafin ki sa. Mai son zane ga salatif nan, a yanka fure a liƙa. Kuma ba ya hana ruwan alwala taɓa fata, ba kamar jan farce ba.

Wadda aka sa wa rana baɗi, in ta dasa a daminar bana, da yardar Allah za ta samu na tafin hannu ko da na ƙafa bai isa ba. Sauran sai gwaggo ta cika mata daga nata.

A fitowa ta gaba za mu taɓo zancen turaren wuta, da amsar wasiƙun da suka taru. Ku huta lafiya.

Taku har kullum, daga Mashi.