Akwalar Mota a Ƙofar Gida: Wa Zai Ce a Ɗauke Ta?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, motoci da yawa suka daina fita. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Malamin makaranta a Kazaure ko ma'aikacin sakatariyar Roni da ke lallaɓa tsohuwar Golf ko Peugeot 504 sai ya koma kan babur. Ita kuwa mota ba ta jure zama. Baturi ya mutu, tayoyi su sace, rana ta cinye fenti, a ƙarshe a ɗora ta kan bulo, awaki su samu inuwa.

Ka tambayi mai ita, amsar ɗaya ce: "Zan tashe ta in Allah ya hore." Yana da hujja. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, darajar naira kuma ta zube, don haka wanda ya rabu da motarsa yau ya san da wuya ya sake mallakar wata. Wani sa'in ma motar marigayi ce, ba mai ikon sayarwa sai an raba gado. Kowace damina tsatsa na cin rabon marayu, manya suna ta jan ƙafa.

Sai dai layin da motar take zaune a kai ba na mai ita ba ne. Takardar fili a bangon gida take tsayawa. Wajen bango hanya ce ta ɗan ga-ruwa da kurarsa, ta Adaidaita Sahu da ya zo ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, ta masu ɗauke da makara. A garuruwan Gwiwa da Babura, amalanken shanu ne ke rasa wurin juyawa lokacin kaka. Da damina motar ta tare shara a bakin kwata, ruwa ya koma gidan maƙwabci, ragowar ya kwanta cikin tsofaffin tayoyi sauro ya hayayyafa. Jihar Jigawa da ta ga ambaliyar 2022 ba ta buƙatar a yi mata lacca kan toshe magudanar ruwa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yara. A Disambar 2021 aka tsinci gawarwakin yara 8 cikin wata mota da aka ajiye a Badagry ta Jihar Legas. Ƙofar tsohuwar mota takan buɗu ta waje ta ƙi buɗuwa ta ciki, zafin watan Afrilu a Jigawa kuwa ba ya jira a farga.

Doka ba ta bar batun ba mai shi. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da layuka, magudanan ruwa da kwashe shara, jiha kuma tana da hukumar kare muhalli, JISEPA. Dattawa na tuna zamanin En'e, lokacin da jin duba-gari ya shigo unguwa kaɗai ke sa a share ƙofar gida. Abin da ke riƙe da mutane yau kunya ce. Ba mai son a ce shi ya kai ƙarar wanda suke sahu ɗaya a masallaci, sai a yi ta gunaguni a majalisa shekara da shekaru.

Wasu za su ce a kafa kwamitin ko-ta-kwana, a zo da motar janwe, a ci tara. Wannan hanya an san inda take ƙarewa: akwalar talaka a ɗauke, ta mai uwa a gindin murhu a tsallake. A nan ba rukunin gidajen Abuja ba ne, inda ƙungiyar mazauna ke rubuta wa mutum takardar gargaɗi. Akwai mai unguwa, dagaci da hakimi, a ƙarƙashin Masarautar Kazaure ga Kazaure da Roni da Gwiwa, a ƙarƙashin ta Ringim ga Babura. Idan mai unguwa ya taka da kansa ya ba da wa'adin wata uku, ya ɗauke wa maƙwabta nauyin baki, mai mota kuma bai ji kunya ba. Ko ya shigar da ita gida, ko ya kai ta gareji, ko ya sayar. Motar gado kuma a yi mata kuɗi a gaban magada, a ajiye kuɗin har ranar rabo.

Sayarwar ma tana da dabara. Wanda ya miƙa mota sukutum ga 'yan gwangwan su ɗora a sikeli ya yi asara. Bakanike ya fara cire inji, giya, lagireto da fitilu, waɗanda ke da masu nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sannan gangar jikin ta tafi a kilo. A cire lamba, a rubuta takardar ciniki ɗauke da lambar inji da ta jikin mota, mai unguwa ya sa hannu. Sana'ar jari-bola na cikin zargi, har Borno ta hana ta a 2023, Abuja ta bi sahu a Janairun 2025, saboda haka takardar kariya ce ga mai saye da mai sayarwa. Japan tun 2005 take karɓar kuɗin rusa mota a hannun mai saye tun tana sabuwa. Jigawa ba ta kai nan ba, kuma ba sai ta kai ba kafin ta buɗe layukanta.

Shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura su zauna da hakimansu, a ƙirga motocin da ke kan bulo unguwa-unguwa, a ware fili ɗaya a kowane gari da za a ajiye ta wanda ya ƙi sayarwa, a gama kafin ruwan farko ya sauka.