Ƙaton kifin kogin Mekong: mu daina yi wa gawarsa tafi

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook ya san irin hoton nan: ƙaton kifi a kwance, jama'a sun kewaye shi ana dariya, mu kuma mu danna layik mu wuce. To matasa, mu ɗan tsaya mu duba ɗaya daga cikin kifayen nan.

A kogin Mekong da ke kudu maso gabashin Asiya akwai wani ɗan uwan tarwaɗa da tsawonsa kan kai mita 3. A 2005 an kama wani mai nauyin kilo 293 a arewacin Thailand. Duk girman nan fa, idan ya manyanta ba shi da haƙori, gansakuka yake ci. Kuma sai ya yi doguwar tafiya ya haura saman kogi kafin ya yi ƙwai.

Tun 2003 ƙungiyar IUCN ta saka shi a sahun halittun da ke dab da ƙarewa. Yawan kamu ya rage shi, ga madatsun ruwa irin na Xayaburi a Laos suna tare masa hanya. Thailand da Laos da Kambodiya sun hana kama shi, amma doka ba ta buɗe hanyar da siminti ya toshe.

A Disambar 2024, masunta a Kambodiya sun kama guda shida cikin 'yan kwanaki, aka maƙala musu alama, aka mayar da su ruwa da ransu. Irin wannan bidiyon ya kamata mu yaɗa. Idan gawa ce ke kawo layik, gobe wani zai sake kashewa don ya ɗauki hoto.