Kemistirin dogon hutu: a fara daga Ƙofar Mata

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, sai tallar lesin ta cika bangayen cikin birni, daga Mandawari zuwa Yakasai, daga Ƙoƙi zuwa Gwammaja. Iyaye na matse aljihu su biya, musamman waɗanda 'ya'yansu ke harin likitanci, haɗa magunguna, injiniyanci ko aikin gona, domin duk waɗannan sai an bi ta ƙofar kemistiri. Na yaba da wannan himma ƙwarai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ƙarar da makonnin. Mafi yawan lesin ɗin nan tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC ake bi, yaro ya haddace cewa amsar ta goma sha biyu ita ce C, ya tashi bai san dalili ba.

Haddar na iya tsallakar da shi jarrabawa, amma ajin farko na jami'a ke tona asiri. Ko a Jami'ar Bayero ne, ko ta Wudil, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ɗalibai ɗaruruwa ne a zaure guda, malami na gudu da manhaja, kuma ya ɗauka kowa ya zo da tushensa. Wanda ya zo babu tushe, tun a zangon farko yake fara jan kwas a baya.

Tushen nan kuwa ba shi da yawa. Mako shida zuwa takwas sun isa a kafa shi, in an haƙura da burin gama littafi. Yaro ya san ginin atom da yadda jadawalin sinadarai yake tafiya, wanda Mendeleev ya tsara a 1869, yau kuma yake ɗauke da sinadarai 118. Ya iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Ya gane asid da bes, ya gane yadda elektiron ke barin wani abu ya koma wani. Sai uwa uba, mol. A nan ne akasarin yara ke karaya, alhali abin a kasuwa yake: mai awo a Rimi ba ya ƙirga ƙwayar gero, kwano yake cikawa. Mol shi ne kwanon masu kemistiri, kuma kowane ɗaya na ɗauke da ƙwayoyi 6.022 sau goma mai ƙarfin 23. Wanda ya riƙe wannan da kyau, rabin wahalar shekarar farko ta sauka daga kansa.

Za a ce mini ai babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Gaskiya ne, kuma wanda ke da alhakin samar da su ya samar. Sai dai ɗan cikin birni yana da abin da ɗan wani gari ba shi da shi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana nan tana aiki. A kai yara su tsaya bakin rijiya su zuba ido. Marini ya haɗa baba da toka da ruwa, ya bar su kwanaki suna ruɓa, yana juyawa, har kumfa ta taso. Ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗago shi, sai a ga ya fito kore-kore mai ratsin ɗorawa. Kafin a gama mamaki, a gaban idon kowa, ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, launin na ƙara duhu.

Babi guda na littafin ajin farko ke nan ya faru a cikin minti biyu. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin rijiya su ne ke ba shi elektiron, su mai da shi wani nau'i da ke narkewa a ruwan toka, ya ratsa zaren auduga. Da ya haɗu da iska, oksijin ya karɓe abin da aka ba shi, shunin ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zare. Shi ya sa marini yake shanya ƙyalle tsakanin tsomi da tsomi. Gani ya kori ji. Daga nan a koma aji a ɗauki alli: ƙwayar shuni na da kabon 16, haidurojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Yaro ya lissafa da hannunsa, 192 da 10 da 28 da 32, ya samu giram 262 a mol guda. Wannan adadi ba zai ɓace masa ba, domin ya ga abin da ake aunawa, ya shaƙi warinsa.

Akwai kuma tarihin da ya kamata ya taɓa zuciyar ɗan Kano. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da rinannun tufafin Kano suna tafiya har Timbuktu da Tarabulus. A ƙasarsu ta Jamus, Adolf von Baeyer ya gano ginin ƙwayar shuni a 1883, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kasuwar baba ta duniya ta durƙushe. Kakanninmu sun ƙware a aikin ƙarni bayan ƙarni, wasu suka zo suka auna shi, suka rubuta lissafinsa, suka kwashe cinikin. Duk lokacin da na wuce na ga rijiyoyin da suka bushe a marinar nan, wannan ne ke faɗo mini a rai.

Madafin gida ma makaranta ne. A zuba ruwan tsamiya a zobo, ja ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa, ya yi duhu ya juya. A haɗa tsamiya da kanwa, kumfar iskar kabon ta tashi. Bagaruwar majema, sabulun salo, duk darussa ne.

Kada a fahimce ni a baibai. Yawon marina ba ya maye gurbin zama a kan tabarma da biro da takarda. Ziyara ta yini ɗaya ce, lissafi na kullum ne, kuma WAEC na da jarrabawar gwaji inda dole yaro ya riƙe buret ya ɗiga asid har launi ya sauya. Lesin ɗin da zai amsa sunansa sai ya nemi aron ɗakin gwajin wata sakandare, ko sau ɗaya a mako.

Kano ta taɓa yin irin wannan yunƙuri da gaske. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyin da suke riƙe da asibitoci da ma'aikatu a yau. Ga tsofaffin ɗalibansu nake miƙa kokon bara, su da ɗaliban kemistiri na jami'a da ke zaman hutu a gida. Azuzuwan firamaren unguwa a rufe suke duk watan Agusta. Mai unguwa ya nemo izini, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta sayi alli da 'yan kwalabe, a ware wa 'yan mata aji da safe yadda iyaye za su saki jiki, a ɗebe wa marayu kuɗin rajista. A kuma biya marinin da zai yi wa yara bayani haƙƙinsa kamar yadda za a biya kowane malami.