Motar Miliyoyi Da Ke Kwana A Gareji

Duk wanda ya saba shiga manyan garejin Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko wajen kanikawan Ƙofar Ruwa a Kano, ya san irin motocin da suka fi daɗewa a kafe har ƙura ta rufe musu gilashi. Ga Range Rover ta durƙushe, cikinta na taɓa ƙasa. Ga Mercedes, dashbod ya cika da fitilun gargaɗi. Ga BMW da ke shan baƙin mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Masu su sun zuba miliyoyi, sun koma hawa a-daidaita-sahu. Jama'a na yi musu dariya, ana cewa son a sani ne ya ja musu. Ni kuwa haushi abin yake ba ni, domin yawancin cututtukan nan da su motocin suka fito daga masana'anta. Kamfanonin sun sani, dillalan da ke kawo mana su ma sun sani.

A ɗauki injin BMW mai silinda takwas da ake kira N63, wanda ya fito a 2008, aka saka shi a manyan motocinsu irin su 750i da X5 da X6. Injiniyoyin sun ɗauki turbo biyu, sassan da suka fi komai zafi a jikin inji, suka cusa su a kwarin da ke tsakiyar injin don a samu ƙarfi cikin ƙaramin wuri. Zafin nan ba shi da hanyar fita. Yana gasa robobin da ke tare mai a bakin bawul har su bushe su tsage, mai ya riƙa zurarewa yana ƙonewa, shuɗin hayaƙi na fita ta salansa. Yana cinye bututan ruwa da wayoyi, batir ma ba ya daɗewa. Sai a ƙarshen 2014 kamfanin ya fito da shirin gyara na musamman ga masu motar a Amurka, ya kuma rage tazarar juyen mai daga mil 15,000 zuwa 10,000. Wannan inji da ya kasa jure zafin kansa a ƙasar da ake yin dusar ƙanƙara, shi ne ake sayar wa mutumin Sakkwato ya shiga da shi cunkoso a watan Afrilu. Wa ya gaya masa? Babu.

Mercedes ma tana da nata. Injinta mai silinda shida, M272, na shekarun farko daga 2004, akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe a cikinsa da ke cinyewa tun kafin lokacinsa. Ƙarfen bai taka kara ya karya ba, amma kafin a kai gare shi sai an sauke injin gaba ɗaya. A 2005 kuma kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 1.3 su dawo gyara saboda matsalolin lantarki da na birki, shekara guda bayan haka ya cire birkin lantarki da ake kira SBC daga E-Class. Birki fa, abin da ran mutum da na iyalinsa ke rataye a kai!

Sai yaudarar man giya. An daɗe ana gaya wa masu BMW cewa man giyabos ɗinsu na har abada ne, ba a canja shi. Amma kamfanin ZF na Jamus, wanda shi ne ya ƙera giyabos ɗin, ya ba da shawarar a canja man tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000. Ashe abadar tasu iyakarta ranar da garanti ya ƙare. Mai motar farko ya yi shekara uku ko huɗu yana jin daɗi, ya mayar ya karɓi sabuwa. Giya tana fara fizga ne a hannun mai ita na uku, shi kuma yana Kano.

Range Rover kuwa kowa ya san labarinta. Maimakon sifirin na ƙarfe, jakunkunan roba ne cike da iska ke ɗauke da ita. Zafi da ƙura da ramukan titunanmu su tsattsaga robar, iska ta fara sacewa, kwamfiresa ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone, gari ya waye mota ta gurfana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lantarki. Babbar motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci gommai, na inji daban, na giya daban, na birki, na kujera, na ƙofa, duk suna magana da juna ta wayoyi. Idan guda ta samu laima ko batir ya yi rauni, sai sauran su ruɗe, fitilu su kama ko'ina, ba ka san daga ina cutar take ba. A BMW da yawa, ko batir ka canja sai an haɗa motar da kwamfuta an yi masa rajista, in ba haka ba ta ci gaba da cajin sabon kamar tsohon har ta kashe shi. Sandar auna baƙin mai ma sun cire ta a injina da dama, sai abin da sansa ta faɗa maka. Ka sayo ƙwaƙwalwar giya daga kasuwar Ladipo, lafiyarta ƙalau, motar ta ƙi karɓarta saboda an ɗaure ta da lambar wata motar. Hakan ya sa irin wannan gyara ya koma hannun wakilin kamfani. Turai ta ga wannan, ta yi doka tun 2007 cewa a buɗe bayanan gyara ga kanikawa masu zaman kansu. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi irin tata a 2012. Mu kuwa, rewaya a Kaduna yana lalube da fitilar gwaji a jikin motar da ke buƙatar manhajar da ba shi da hanyar samu.

Dillalai kuma su ji tsoron Allah. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka. A cikin irin waɗannan akwai waɗanda kamfanonin inshora suka yanke wa hukuncin cewa sun gama aiki, aka yi gwanjonsu. Bayan guguwar Harvey ta 2017, motoci dubban ɗaruruwa ne ambaliya ta shanye a yankin Houston. Motar da ta sha ruwa takan tashi, ta yi ƙyalli bayan wanki, amma tsatsa na nan tana cin bakin wayoyi a ƙarƙashin kafet, kuma a nan ne manyan motoci ke ɓoye kwamfutocinsu. Dillali ya san tarihinta. Sai ya goge lambobin matsala, ya juya mita baya, wani ma ya toshe fitilar gargaɗin inji, ya rantse maka cewa wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita. Wata shida, gilashi ya ƙi hawa, sitiyari ya ƙage a tsakiyar titi. Wannan ha'inci ne, kuma yana kashe mutane.

Ba na wanke namu laifin. A Fabrairun 2022 an shigo mana da fetur mai gaurayen methanol daga Antwerp ta Beljiyam, injina suka yi ta bugawa. Akwai bakaniken da maganinsa na zafin inji shi ne cire tamostat, da wanda ke fasa indomin salansa ya sayar, da mai gidan da zai sayi motar miliyan hamsin ya zuba mata baƙin man bakin titi. Amma bakaniken da aka hana bayani da kayan aiki, me ake so ya yi?

Muna da hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC. Muna da kwastan a kowace tashar jiragen ruwa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma da ita ana gane wadda ta sha ruwa ko ta yi mummunan hatsari a Amurka cikin 'yan mintuna. A wajabta wa dillali ya miƙa wa mai saye wannan tarihi a rubuce kafin a biya kuɗi. A hana motar ambaliya fita daga tashar Tin Can. Kamfanin da ke da wakili a Legas yana sayar da sababbi kuma, a tilasta masa ya buɗe bayanan gyara ga kanikawanmu, ya kuma gyara motocin da ya kira gyara a ƙasarsa, ko da sun ƙetaro teku.