Ra'ayinmu: Fanshon Baba Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

A ranar 5 ga Disamban 2023 ne gwamnatocin Nijar da Mali suka sanar da soke yarjejeniyar haraji da ke tsakaninsu da Faransa. Ta Nijar tun 1965 aka ƙulla ta, kuma ita ce ke fayyace ƙasar da za ta karɓi haraji a kan kuɗin da mutum ya samu a can alhali yana zaune a nan, don kada a yanke shi sau biyu. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata kan manyan kamfanoni. An manta da dattawan da ke karɓar fansho daga waje, waɗanda wannan mataki ya shafa kai tsaye.

Yankin Matamaye ya san ci-rani fiye da wurare da dama. Daga Tsauni da Kantche da ƙauyukan kewaye, mutane sun daɗe suna ratsa Dan Barto zuwa Daura da Kano neman aiki, wasu kuma sun kai Aljeriya, Libiya da Turai. Kaɗan daga cikinsu sun yi aikin albashi har suka cancanci fansho. Akwai kuma iyalan tsofaffin sojojin Faransa, waɗanda dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu shekara da shekaru, sai a 2010 Majalisar Tsarin Mulkin Faransa ta yanke hukuncin cewa bambancin ya saɓa wa doka.

A gidaje da yawa wannan kuɗi sirri ne. Tsoho ba ya son dangi su sani, ɗan da ke birni ko ƙetare shi ke riƙe da katin banki, babu wanda ya taɓa tambayar hukuma ko akwai abin da ya kamata a bayyana. Mun fahimci dalilin: tsoron masu roƙo, tsoron bakin mutane, da rashin yarda da jami'an haraji. Amma ɓoyewar nan tsohon take cutarwa, sannan magadansa.

Na farko, hukumomin fansho na Faransa suna neman takardar shaidar rai duk shekara daga wanda ke zaune a waje. Idan ba ta isa ba, sai a dakatar da biya. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, bin sawun irin waɗannan takardu ya ƙara wuya, kuma iyalin da bai san inda takardun mahaifinsa suke ba shi zai fi shan wahala.

Na biyu, ɗan da ke zaune a Faransa yana juya asusun bankin mahaifinsa na Damagaram ko Yamai ya sani cewa dokar can ta wajabta masa bayyana duk asusun waje da yake amfani da shi, kuma tarar rashin yin haka tana farawa ne daga Yuro 1,500 kan kowane asusu.

Na uku shi ne mafi muni: ci gaba da cire kuɗi bayan rasuwar mai fansho. Wannan zamba ce a idon doka, haram ce a addini, kuma bashi ne da za a nema. Kowa ya san ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado. Ga kuma husumar da ke tashi ranar da 'yan'uwa suka gano cewa mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana karɓa babu lissafi.

Bayyanawa ba lallai ta zama biyan haraji ba. A Najeriya, alal misali, dokar fansho ta 2014 ta keɓe kuɗin ritaya daga haraji. Abin da ake buƙata shi ne a zauna da tsoho cikin ladabi tun yana da ƙarfinsa, a tattara lambar fansho, takardun banki da shaidar abin da aka riga aka yanke a can. A sa aƙalla mutum biyu cikin 'ya'ya su san lissafin. Sannan a je ofishin haraji mafi kusa a yi tambaya, a nemi amsa a rubuce. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka gano samun sassauci.

Hukumomi ma suna da nasu nauyin. Gwamnatin da ta soke yarjejeniya wajibi ne ta faɗa wa 'yan ƙasa abin da ya maye gurbinta. Muna kira ga babbar hukumar haraji ta ƙasa da ta fito ta yi bayani da Hausa a gidajen rediyo, ta kuma ba da wa'adin afuwa ga dattawan da rashin sani ya hana su bayyana kuɗinsu. Ofisoshin magajin gari, irin na Tsauni, su sauƙaƙa sa hannu kan takardar shaidar rai, kada a riƙa jigilar tsoho mai shekara 80 zuwa Damagaram saboda hatimi ɗaya.

Waɗannan dattawa da guminsu suka sami wannan kuɗi a ƙasar wasu. Kada sakacinmu ya mayar musu da shi bashi.